An tofa wa ƙanena yawu a Jamus, ya ce ba zai je wurin 'yan sanda ba

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Kano. Ta ce ƙanenta yana karatu a wani gari da ke gabashin Jamus. Mako biyu da suka wuce wani mutum ya tsare shi da zagi a cikin jirgin ƙasa na cikin gari, yana yi masa kukan biri, da ya zo sauka kuma ya tofa masa yawu a riga. Ta ce masa ya kai ƙara, sai ya ce mata: "Yaya, ba ki san ƙasar nan ba. In na je, ni za su fara tambaya takardu." Tana so ta sani, da gaske ne 'yan sandan Turai ba sa tsaya wa baƙar fata, ko tsoro ne kawai irin na baƙo? Ta matsa masa, ko ta ƙyale shi ya haƙura?

'Yar'uwa, Allah ya ba shi haƙuri, ke ma ya ba ki. Na yi shekaru ina aikin tafinta da rakiya a wata cibiya da ke taimaka wa waɗanda aka ci wa zarafi saboda launin fatarsu a nan Jamus, kuma maganar da ƙanenki ya faɗa miki na ji ta da Hausa, na ji ta da Turancin buroka, na ji ta da Faransanci. Kada ki ɗauke shi matsoraci. Yana da dalili. Duk da haka ina ganin ya kamata ya shigar da ƙara, kuma ba sai ya yarda da 'yan sanda kafin ya yi hakan ba. Zan nuna miki inda rashin yardar ya samo asali, sannan abin da zai yi.

Akwai wata hukuma ta Tarayyar Turai mai kula da haƙƙin ɗan Adam, mazauninta a Biyana, babban birnin Ostiriya. A 2018 ta fitar da sakamakon tambayoyin da ta yi wa mutane kusan 5,800 'yan asalin Afirka a ƙasashe 12. Kashi 30 cikin 100 suka ce an tsangwame su saboda launin fata a cikin shekara biyar da suka gabata. Kashi 5 an kai musu hari a jiki, kuma cikin waɗannan kusan kashi 64 ba su kai ƙara ko'ina ba. Da hukumar ta sake yin binciken ta fitar a 2023, waɗanda suka ce an nuna musu wariya sun tashi daga kashi 39 zuwa 45, a Jamus kuwa sun kai kashi 76. Saboda haka abin da ya sami ƙanenki ba shi kaɗai ya sama ba, kuma shirun da yake so ya yi shi ne abin da mafi yawa suke yi.

Amma akwai wani abu a cikin rahoton 2018 da na daɗe ina tunaninsa. Ƙasar da aka fi tsangwamar baƙar fata a kan titi ita ce Finlan, kashi 63 cikin 100. Da aka ce mutane su ba 'yan sanda maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon yadda suka amince da su, 'yan Afirkan Finlan ɗin nan su ne suka ba da maki mafi yawa, 8.2. Na Ostiriya suka ba da 3.6, mafi ƙanƙanta, kuma a can ne 'yan sanda suka fi yawan tare baƙar fata a hanya. Matsakaicin duk ƙasashen 6.3 ne, amma waɗanda suka ce tarewar ƙarshe da aka yi musu don launin fatarsu ce aka yi ta, nasu makin ya sauka zuwa 4.8. Kin ga ke nan ɗan iskan da ya zage ka a jirgi ba shi ne ke raba ka da 'yan sanda ba. Mutum yana iya shan zagi a titi kullum, ya kuma ci gaba da kiran 'yan sanda in sun karɓe shi da mutunci. Abin da ke kashe yarda shi ne abin da mai kaki ya yi maka da hannunsa.

Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da gano haka. Wani malamin jami'a Ba'amurke, Tom Tyler, ya yi bincike a Chicago tun shekarun 1980, ya nuna cewa mutane ba su fi damuwa da ko an kama ɓarawonsu ba. Sun fi damuwa da ko an saurare su, an yi musu bayani, an yi musu abin da ake yi wa kowa. Haka kuma binciken da aka yi a Turai ya nuna cewa sabon zuwa yakan amince da 'yan sanda fiye da ɗan ƙasa, saboda yana auna su da na gida. Wanda ya taso yana miƙa ashirin a shingen hanya, ko ya ga abin da ya jawo zanga-zangar SARS a 2020, in ya ga ɗan sandan da ba ya karɓar ko sisi sai ya ji ya zo aljanna. A hankali yardar take zaizayewa, kuma 'ya'yan da aka haifa a nan sun fi iyayensu rashin yarda, domin su ba su da wata ƙasa da za su auna da ita. Da abokan ajinsu farare suke aunawa.

Bari in nuna miki yadda zaizayewar take. Dokar 'yan sandan tarayya a Jamus ta ba su damar tambayar mutum takardu ba tare da suna zarginsa da komai ba, a cikin jiragen ƙasa da tashoshi da kuma cikin kilomita 30 daga kan iyaka, da sunan hana shigowa ba bisa ƙa'ida ba. Wata ranar hunturu ina cikin jirgi, taragon cike, mutum ya fi sittin. 'Yan sanda biyu suka shigo, suka ratsa kujeru suna kallon fuskoki, ba su tsaya ba sai a kan wani dattijo ɗan Gana da ke gefena da jakar abincinsa a cinya, sai kuma ni. Dattijon ya shekara talatin a ƙasar, fasfonsa na Jamus ne. Ya miƙa, aka buga waya aka karanta sunansa da ƙarfi, aka dawo masa da shi. Ba zagi, ba duka, minti huɗu aka gama. Amma na ga matar da ke gabanmu ta jawo jakarta ta rungume, na kuma ga hannun dattijon yana rawa wajen mayar da fasfon cikin aljihu. Bai ce komai ba sai da muka kusa sauka, ya ce min wannan ne karo na uku a watan. Yanzu ki ce mutumin nan gobe an fasa masa taga, wa zai kira?

Wannan ba ƙorafin baƙi ne kawai ba, kotuna sun tabbatar. A Faransa kotun ƙoli ta ɗora wa gwamnati laifi a 2016 kan tare mutane saboda kamanninsu, a 2017 kuma ofishin mai kare haƙƙin jama'a na ƙasar ya ce saurayin da ake gani baƙi ko Balarabe ya fi sauran mutane yiwuwar a tare shi har sau 20. A 2022 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta sami Jamus da laifi saboda ba ta yi binciken kirki ba a kan ƙorafin Biplab Basu, Bajamushe ɗan asalin Indiya da aka tambaya takardu a jirgi shi da 'yarsa. A 2024 ta yanke wa Suwizalan hukunci a shari'ar Mohamed Wa Baile, ɗan asalin Kenya, wanda aka tare a tashar Zurich yana kan hanyarsa ta zuwa aiki.

Sai kuma abin da ya fi tarewa nauyi. Tunda ƙanenki a gabas yake, babu shakka ya ji sunan Oury Jalloh, domin duk baƙin da ya sauka a yankin ba ya wata ɗaya ba a ba shi labarin ba. Mai neman mafaka ne daga Saliyo. Ranar 7 ga Janairu 2005 aka kama shi a garin Dessau, aka kai shi ɗakin tsarewa, aka ɗaure hannayensa da ƙafafunsa a kan katifa mai rufin da ba ya kama wuta da sauƙi. Da rana wuta ta tashi a ɗakin, ƙararrawa ta yi ƙara, jami'in da ke bakin aiki ya kashe ta. Kafin a buɗe ƙofa ya ƙone ƙurmus. Hukuma ta ce shi ya kunna wa kansa wuta da laita, laitar da ba ta cikin jerin kayan da aka fara tattarawa a ɗakin, sai bayan kwanaki ta bayyana. A 2008 aka sallami jami'ai biyu. Babbar kotu ta soke hukuncin ɗaya a 2010, a 2012 kotun Magdeburg ta ci shi tarar Yuro 10,800 saboda sakaci. A 2017 babban mai gabatar da ƙara na Dessau da kansa ya rubuta cewa akwai alamun kisa, sai aka ɗauke shari'ar aka kai wa masu gabatar da ƙara na garin Halle, can kuma aka rufe ta. Har yau duk 7 ga Janairu mutane suna fita zanga-zanga a garin. Na je sau da yawa, kuma abin da ke tsaya min a rai shi ne samarin da ba a ma haife su ba a lokacin, suna tafe cikin sanyi riƙe da hotonsa. Labarin ya zama gado, uwa tana ba ɗanta.

Ba shi kaɗai ba ne. Semira Adamu, 'yar Najeriya mai shekara 20, ta rasu a Beljiyam a Satumbar 1998 bayan jami'ai sun danne fuskarta da matashi a cikin jirgin sama suna ƙoƙarin tasa ƙeyarta, har ministan cikin gida ya ajiye aiki. Marcus Omofuma, shi ma ɗan Najeriya, ya mutu ranar 1 ga Mayu 1999 a jirgin da ya tashi daga Biyana, an liƙe masa baki da salatif, jami'an uku suka tashi da ɗaurin wata takwas na jeka-ka-gyara-halinka. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Mouhamed Dramé, yaro ɗan Senegal mai shekara 16 a garin Dortmund na nan Jamus. A Agustan 2022 masu kula da shi suka gan shi a tsugunne da wuƙa a kan cikinsa, suka kira 'yan sanda don a cece shi. Aka fesa masa barkono, aka harbe shi, ya mutu. A Disambar 2024 kotu ta sallami jami'an biyar duka. Taimako aka kira. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake, balle ya ga macijin.

To me ya sa nake cewa ya je?

Na farko, tsoron takardun da ya ambata bai shafe shi ba. Ɗalibi ne mai izinin zama, kuma shigar da ƙara a matsayin wanda aka cuta ba ya taɓa izininsa. Za su nemi shaidar ko shi wane ne, kamar yadda suke nema a wurin kowa. Wanda wannan tsoron ya kama da gaske shi ne marar takarda, domin dokar zama ta Jamus ta wajabta wa hukumomi su sanar da ofishin baƙi in sun ci karo da shi. Irin wannan mutum ba na taɓa ce masa ya tafi caji ofis kai tsaye, sai ya ga lauya tukuna. A Holan sun yi tsarin da marar takarda zai shiga ya kai ƙara ya fita ba a riƙe shi ba, kuma da za a tambaye ni gyara ɗaya da zai fi rage zalunci a nan, wannan zan zaɓa, don azzalumai sun san wanda ba zai iya kai ƙara ba, shi suke nema.

Na biyu, abin da ba a rubuta ba a wurin hukuma bai faru ba. Kowace shekara ana fitar da alƙaluman laifukan ƙiyayya, da su 'yan siyasa ke yanke shawarar ko za a ba cibiyoyi irin tamu kuɗi. Kuma mai tofa yawu ba ya yin sau ɗaya. Sau da yawa na ga an gano mutum saboda ƙara uku ko huɗu sun zo daga layin jirgi ɗaya, da kwatance iri ɗaya. Ki tuna da Samuel Yeboah, ɗan Gana da ya ƙone a gidan masu neman mafaka a garin Saarlouis na nan Jamus a 1991. An rufe binciken cikin ɗan lokaci. Bayan shekara kusan 30 wata mata ta fito da abin da ta ji daga bakin wani, aka buɗe tsohon fayil, 'yan sandan jihar suka nemi gafara kan sakacinsu, a 2023 aka yanke wa mutumin da ya kunna wutar hukunci. An makara matuƙa, amma da babu fayil, babu abin da za a buɗe.

Na uku, doka ta ɗan matsa, kuma da jinin mutane ta matsa. Tsakanin 2000 da 2007 wata ƙungiyar 'yan Nazi ta kashe mutum 10, takwas 'yan asalin Turkiyya, 'yan sanda kuwa suka shafe shekaru suna zargin iyalan mamatan, sai a 2011 gaskiya ta fito. Bayan wannan abin kunya, a 2015 aka gyara doka ta yadda dole alƙali ya duba ko wariyar launin fata ce ta sa aka yi laifi lokacin yanke hukunci. Aka kuma gyara ƙa'idar masu gabatar da ƙara. Da, ƙarar zagi sukan ce maka ka je ka bi da kanka, yanzu in akwai wariya a ciki ana ɗaukarta abin da ya shafi jama'a. Birtaniya ta riga su, tun rahoton Macpherson na 1999 kan kisan wani matashi baƙar fata, Stephen Lawrence, inda aka ce in wanda abin ya shafa ya ce wariya ce, a rubuta ta a haka.

Wannan ya sa kalmomin da za a rubuta suke da muhimmanci. Na taɓa raka wani saurayi ɗan Nijar wani caji ofis, an jefe shi da kwalba an fasa masa gira. Tambayar farko da jami'in ya yi masa ita ce me ya yi wa mutumin. Da aka gama ya miƙo takarda a sa hannu, na karanta na ga an rubuta "saɓani tsakanin mutum biyu". Kalmar da aka kira shi da ita ba ta ciki. Na ce ba zai sa hannu ba sai an saka. Jami'in ya tsuke fuska, amma ya saka. Wata huɗu bayan haka na raka wata mata wani ofishin a garin nan dai, an fizge mata ɗankwali a tashar bas. Jami'ar da muka samu ta jawo mata kujera, ta kawo ruwa, ta ce ta faɗi zagin yadda aka yi shi, ta rubuta harafi da harafi, ta ba ta lambarta ta ofis. Ba a kama kowa ba. Amma matar nan har yau ita ke tura ƙawayenta su kai ƙara. Ba za ki san wanne zai samu ba, shi ya sa ake zuwa da shiri.

Ga abin da zai yi. Yau ɗin nan ya zauna ya rubuta komai: rana, lokaci, lambar layin jirgi, tashar da mutumin ya hau da inda ya sauka, kamanninsa, da ainihin kalmomin da ya faɗa da Jamusanci. In bai wanke rigar ba ya sa ta a jakar takarda ya ajiye, don ana iya gano mutum daga yawu. Hoton kyamarar jirgi kam mai yiwuwa ya tafi, domin kamfanoni da yawa suna goge shi cikin kwana biyu ko uku, shi ya sa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe in abu ya sake faruwa. Amma lokaci bai ƙure masa ba. Tofa yawu da zagi laifin cin mutunci ne, kuma yana da wata uku ya nemi a hukunta mai laifin. Wannan neman dabam yake da ba da rahoto: rahoton shi ne Anzeige, neman hukuncin shi ne Strafantrag. Mutane da yawa sun yi na farko sun manta na biyu, ƙararsu ta mutu.

Ba dole ne ma ya taka ƙafa caji ofis ba. Yana iya shigar da rahoton ta intanet a shafin 'yan sandan jiharsa, ko ya rubuta wasiƙa kai tsaye zuwa ofishin mai gabatar da ƙara. In an kira shi ba da bayani, yana da damar neman tafinta kyauta, da zuwa da mutumin da ya yarda da shi, da karɓar takardar shaidar cewa ya kai ƙara mai ɗauke da lambar fayil. In yana tsoron mutumin ya ga adireshinsa a fayil, ya nemi a sa na cibiya ko na lauya. Kada ya sa hannu a abin da bai fahimta ba. Kafin duk wannan, ya nemi cibiyar ba da shawara ga waɗanda aka kai wa harin wariya. Duk jihohin gabas suna da su, suna ƙarƙashin wata haɗaka da ake kira VBRG, kyauta ne, ba na gwamnati ba ne, kuma ba sa kai ƙara sai da yardar mutum. Ko ya ƙi zuwa wurin 'yan sanda, su za su rubuta abin a nasu alƙaluman. 'Yan'uwanmu da ke Faransa kuma su lura, in an ce za a rubuta musu main courante, wannan ajiye bayani ne kawai, ba ya tayar da bincike. Plainte za su nema, kuma doka ta hana ɗan sanda ƙin karɓa.

In kuwa wata rana ɗan sandan ne ya yi masa, lissafin ya canza, kuma ba zan ɓoye miki ba. Binciken da aka yi a jami'ar Bochum ya nuna cewa kusan 2 cikin 100 ne kawai na ƙararrakin cin zali da ake kai 'yan sanda ke kaiwa ga gurfanarwa, kuma sau da yawa mai ƙara shi ke tashi da tuhumar yin gardama da hukuma. A nan lauya ne farko. A wurin tarewar kuma ya miƙa takarda, ya tambayi dalili cikin natsuwa, ya riƙe lambar mota da lokaci, ya nemi lambar wayar wanda ya gani. Jayayyar a kan takarda ake yin ta, washegari.

Ke kuma, 'yar'uwa, kada ki ce masa "ai kai namiji ne", kada kuma ki ce "ka bar wa Allah" ki rufe zancen. Waɗanda nake gani bayan irin wannan, yawun ba shi ya fi cin su ba. Taragon da ya yi shiru ne, mutum talatin kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Wasu sukan daina hawa layin, su riƙa tafiyar ƙafa minti arba'in zuwa aji cikin dusar ƙanƙara, wasu barci ya ƙaurace musu, karatu ya fara lalacewa ba su san dalili ba. Ki tambaye shi ko yana barci, ko yana cin abinci, ko ta wace hanya yake zuwa makaranta yanzu. Ki ce masa kin yarda da abin da ya faɗa miki game da ƙasar. Sannan ki roƙe shi abu biyu a wannan makon: ya rubuta abin da ya faru, ya kuma buga wa cibiyar jiharsa waya. Shawarar ƙara ta bari sai ya zauna da su, tunda yana da sauran wajen mako goma sha ɗaya kafin wata ukun ya cika.